Kuɗin mota daban, kuɗin inshora daban

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri, a gaida min Hajiya da yara. Ka ga hoton motar ka kira ni kana tsokana wai na zama Alhajin Manchesta. To bari ka ji inda gizo ke saƙar.

Motar 'yar Toyota Yaris ce ta hannu, ta haura shekara goma a duniya, fam 2,300 na saye ta. Da daddare na ɗauko waya zan yanki inshora, a zatona irin ta gida ce, wadda aka mayar naira 15,000 a Janairun 2023 daga 5,000, ka ninke takardar ka jefa cikin aljihun mota don 'yan sanda da 'yan Karota. Farashin da ya fara fitowa ya fi kuɗin motar. Na ce ko hannuna ne ya kuskure, na sake cikewa. Bai motsa ba.

A nan Ingila ba motar kaɗai suke yi wa kuɗi ba, har da kai. Shekarunka, sana'arka, unguwarku, inda motar ke kwana, nisan da za ka yi a shekara, duk sai ka faɗa. Abin da ya fi ci min rai shi ne lasin. Namu na Najeriya wata 12 kawai ake tuƙi da shi, kuma ba a musanya shi da nasu, dole na sake jarrabawar ka'idojin hanya da ta tuƙi. Ranar da na ci, ranar aka haife ni a wurinsu. Shekara 14 ina zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna ban taɓa buge ko akuya ba, amma ni da yaron da ya fara riƙe sitiyari jiya ajinmu ɗaya. Rangwamen da suke yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba, daga sifiri zan fara tara shi.

Wani ɗan Gana da muke aiki tare ne ya zaunar da ni. Ya ce kada in nufi kamfani ɗaya, in shiga shafukan kwatanta farashi irin su Confused.com da Compare the Market, kuma in sa ranar farawa nan da mako uku, don mai neman ta yau-yau sun fi tsawwala masa. Motoci ma rukuni-rukuni suke, daga 1 zuwa 50, mai ƙaramin inji na ƙasa-ƙasa. Wani abin mamaki, cikakkiyar inshora da ke biyan ɓarnar motata ta fi arha a kan wadda ke biyan wanda na buge kaɗai. Wai direbobi masu yawan haɗari ne suka fi rububin ƙaramar, sai kamfanoni suka ɗaga ta.

Abin da ya sauko da kuɗin sosai wata 'yar na'ura ce da suke kira baƙin akwati. Girmanta bai kai tafin hannu ba. Tana lissafa gudunka, yadda kake taka birki, yadda kake shan kwana da lokacin da kake fita, ta ba ka maki. Ni da nake tashi aiki ƙarfe 11 na dare, kullum makina na raguwa. Ran nan wani yaro ya faɗo titi a kan keke, na taka birki da ƙarfi, kafin in isa gida saƙo ya shigo wayata wai in riƙa tuƙi a hankali. Na yi dariya ni kaɗai, na ce da a Kurna aka ɗaura wa 'yan adaidaita wannan abu, da ya ƙone kafin azahar.

Na biya na shekara gaba ɗaya, da rance wurin 'yan'uwa, don biyan wata-wata bashi ne da ruwa a kai.

Akwai masu kawo maka hanyar sauƙi. Wani ya ce in sa sunan tsohon direba a matsayin mai motar, ni in zama ɗan rakiya. Zamba ce a dokarsu, ranar haɗari ba za su biya ba. Wasu kuma suna tallar inshora rabin kuɗi a WhatsApp, takardar bogi ce. Kyamarori na karanta lambar mota suna duba rumbun bayanai, babu zancen "ranka ya daɗe, a yi haƙuri". Hukuncin tuƙi babu inshora tarar fam 300 ce da maki 6 na laifi a lasin, ana iya kwashe motar, kuma wanda bai cika shekara 2 da cin jarrabawa ba, maki 6 ɗin nan sun isa a soke lasinsa.

Gaskiya dai in an gogi juna a nan ba a tara jama'a, ba a cin kwala. Ku ɗauki hoto, ku karɓi bayanan juna, kamfanoni su ƙarasa, kai ka biya ɗan kason da ka amince tun farko.

Don haka ɗanka da ke shirin zuwa karatu, ka ce masa ya cire mota daga lissafinsa tukuna. Bas ɗin garin nan masu ruwan ɗorawa fam 2 ne shiga ɗaya. Ya zo da rigar sanyi mai kauri, zan je in ɗauko shi a filin jirgi, amma a hankali za mu taho, akwatin na kallo.