Manhajar sayen data da na yi rabon kati da ita, ga abin da na gani

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun ranar da muka yi rabon katin nan na bayan ƙaramar sallah ake ta tambayata wai da me na tura, ya aka yi mutane suka ga alat ɗinsu tun kafin a watse, to yau dai na samu zama bari in faɗa muku yadda muka kwashe da manhajar, daɗinta da kuma inda ta ɓata min rai. Ba zan kama sunanta ba don kar a ce biyana aka yi in yi talla, kuma dama irinsu sun cika gari, aikinsu kusan ɗaya ne.

Da can yadda nake yi kun sani, in je wajen mai shagon cajin unguwarmu in sayo kati, in kankare, in ɗauki hotonsa in saka, mai rabo ka ɗauka. To wallahi ashe ba rabo ba ne, saurin hannu ne da ƙarfin sabis. Mutum uku ne kullum ke cinyewa, sun riga sun rubuta *311* a waya sun zuba ido, lambobin na fitowa sun ƙarasa sun danna. Abin da ya sa na daina shi ne saƙon wata baiwar Allah daga wajen Ɗambatta, ta ce malam ni fa kafin hoton ya gama buɗewa a wayata an riga an loda, shekara guda ina bibiyar labaranka ko na ɗari ban taɓa samu ba. Maganar nan ta tsaya min a rai sosai, don masu irin wannan wayar da irin wannan sabis ɗin su ne ma suka fi buƙatar katin.

Rajista ba ta ɗauke ni minti biyar ba, suna, lambar waya, imel, sai fin na lamba huɗu. Inda na ɗan tsaya shi ne da suka nemi BVN ko NIN kafin su ba ni lambar akawun ɗin da zan riƙa zuba kuɗi, na yi jim, amma tun ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya sa dokar haɗa irin waɗannan asusun da ɗaya daga cikin biyun, saboda haka na saka NIN. Dan Allah ku kula, wannan daban, wanda zai kira ku ya ce ku karanto masa lambar da aka turo muku ta tes ko fin ɗin katin ATM daban, wannan ɓarawo ne ku kashe wayarku kawai. Na tura 15,000, ta shiga nan take, sun ɗan cire na caji kaɗan.

Sai gasar kanta, ita ce ma ta fi min daɗi. Tunda labaran ban al'ajabi muka saba taɓawa sai na ce tambaya zan yi, duk wanda ya amsa daidai a rubuta sunansa a takarda a nannaɗe, ƙanwata ta zuba a kwano ta ɗebo ashirin. Tambaya ta farko, wace dabba aka ce ta haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurɗi a 2018? Wannan kusan kowa ya ci, maciji. Ta biyu kuma ta gida ce, a 2019 wace dabba aka ɗora wa laifin cinye miliyan 6.8 a gidan zu na Kano, nan fa aka yi ta ɓarin amsa, wani ya ce kura, wani ya ce jimina ai ita ce mai haɗiye komai, wata ta ce giwa don ita kaɗai ke da cikin da zai ɗauka, na yi dariya har da hawaye. Goggon biri ne amsar, kuma abin da ya ƙara wa labarin armashi daga baya gwamnan lokacin Ganduje ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan zu ɗin.

Turawa kam ba laifi. Ka zaɓi layi, MTN ko Airtel ko Glo ko T2 (tsohon 9mobile), ka saka lamba, ka zaɓi kati ko data, ka sa fin, shi ke nan, kuma kowane ɗaya da risit ɗinsa da za ka iya tura wa mutum. Goma na ba katin 500, goma data 1GB. Goma sha biyar sun samu kafin in ajiye wayar, kuma ikon Allah baiwar Allahn nan ta Ɗambatta tana cikinsu, addu'ar da ta yi min ita kaɗai ta biya ni.

Sauran biyar ɗin ne labari. Na farko lambarsa 0803 ce, manhajar da kanta ta zaɓa min MTN ni kuma ban tambaya ba, ashe bawan Allah ya daɗe da mayar da layinsa Airtel, kun san tun 2013 ake iya sauya kamfani da lambarka ba tare da ta canza ba. Turi bai tafi ba, sai bayan kusan awa guda kuɗin suka dawo na sake. Ya kamata a ce akwai ɗan gargaɗi a wajen, babu.

Uku kuma da daddare ne abin ya maƙale, an cire kuɗi, an rubuta min wai yana kan hanya, su kuma shiru ba su ga komai ba. Na nemi wanda zan kira babu, lambar WhatsApp ɗaya ce tal, na yi magana wajen ƙarfe tara ba a amsa ba sai washegari da hantsi. A tsakanin nan ɗaya daga cikinsu har ya rubuto min cewa dama ya san ƙarya ce, ’yan uwanka ka raba wa, gaskiya na kwana da zafin maganar nan, don ni mutuncina nake sakawa a rabon nan ba kuɗi kawai ba, kuma ban ga laifinsa ba tunda an sha yaudarar mutane da sunan kyauta. Da safe biyu suka shiga, na ukun aka maido min na sake turawa. Shi mai zargin ma ashe tasa ta shiga tes ne bai zo masa ba, na ce ya danna *323# ya duba, lambar duba data kenan a kowane layi tun da hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe lambobin a 2023, *310# kuma na duba kuɗi. Ya gani, ya ba da haƙuri, mun wuce wajen.

Na biyar ɗan Maraɗi ne, kuma manhajar ba ta san lambar da ta fara da +227 ba sam, ko da layin Airtel ne, na Nijar daban yake. Wannan ya dame ni don ’yan uwanmu na can suna da yawa cikin masu karatu. A ƙarshe lambar yayansa da ke Jibiya ya ba ni na tura.

Farashi kuwa akwai ɗan sauƙi a kan saye kai tsaye, ba mai yawa ba amma tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farkon 2025 ko naira hamsin ka rage ka ji a jikinka. Sai dai ku riƙa duba kwanakin, mai arhar sau da yawa ta sati ɗaya ce ba ta wata ba, kuma rubutun ƙanana ne sai ka ƙura ido.

Zan ci gaba da amfani da ita, amma da rana zan riƙa turi, kuma ba zan bar kuɗi su kwana a ciki ba, iya na rabo zan zuba. Na gaba ranar Juma'a ne bayan la'asar in Allah ya kai mu, tambayar a kan ɓeraye ce da wani babban ofishi a Abuja a 2017, ku fara tunawa. Wanda sunansa ya fito ya turo lamba haɗe da sunan layin da yake kai yanzu, ’yan Nijar kuma ku tanadi lambar wani naku a nan kafin in samo hanyar da za ta kai muku kai tsaye.