Tanadin burukutu: dawa za a saya, ko tsiro, ko kayan kwalba?

Duk wanda ya taɓa barin jarkar burukutu ta kwana uku a ɗaki ya san abin da ake tararwa: sama tsararo, ƙasa laka, ga tsami mai kashe haƙori. Giyar dawa tana da rai, ba ta daina aiki don an sauke ta daga wuta. Wannan shi ne ciwon kan mai shirin Kirsimeti, ko bikin aure, ko gayyar noma a Filato, Kudancin Kaduna, Taraba da Adamawa, haka ma masu fito a arewacin Gana da masu bilbil a Marwa da Garwa, sunayen giyar dawa ke nan a can. Ana son a tara da yawa, abin kuma ba ya ajiyuwa, ga dafa shi na cin kwanaki.

Kafin a yi nisa: Musulunci ya haramta giya, kuma jihohin da suka kafa shari'a tun daga Zamfara a 1999 suna da dokoki a kan dafa ta da sayar da ita. Bayanin nan na mutanen da al'adarsu da dokar garinsu suka yarda ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yi oda a wajen mai dafawa. Idan taron na yini ɗaya ne, babu abin da ya fi wannan. A gaya mata ranar tun da mako biyu, a ba da kafin alƙalami, a karɓa da safen ranar sha, ba daren jajibiri ba. A tafi da jarkar da ba ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin feshi ba, kuma kada a ɗaure murfin tam, domin iskar da giyar ke fitarwa tana kumbura jarka har ta tsage a bayan babur. Aibin wannan hanya ɗaya ne: a ƙarshen Disamba kowa oda yake yi, mai dafawa kuma hannu biyu gare ta, sai ka ga an ƙara ruwa don a sallami kowa.

Mai son dafawa da kansa kuwa, tambayar farko ita ce daga ina zai fara, daga ɗanyar dawa ko daga busasshen tsiro. Bambancin mako guda ne cur.

Daga ɗanyar dawa lissafin kwana goma ne ko kusa da haka. Ana jiƙa ta kwana ɗaya, a sauya ruwan aƙalla sau biyu don kada ya yi wari. A tsane ta, a baza a kan buhu ko daɓe mai tsabta a inuwa, kaurinta kada ya wuce tsawon yatsa, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara ko ganyen ayaba. Safe da yamma a yayyafa ruwa a juya. Juyawar ba ado ba ce: tsiro na fitar da zafi, idan ka tura hannu tsakiyar tulin a rana ta uku za ka ji ɗumi kamar cikin hammata, saiwoyi farare sun sarƙe da juna kamar tabarma, ƙamshi kuma kamar na ɗanyar kokwamba. In aka bar shi ba juyi, tsakiyar ta dahu, ƙamshin ya koma warin ruɓa, baƙar fumfuna ta hau. Kwana huɗu zuwa biyar ya isa. Sai shanya a rana kwana biyu, har ƙwayar ta riƙa ƙaras a haƙori.

Akwai matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, bai kuwa kamata ba. Saiwa da tohon dawa suna ɗauke da gubar nan da ke sa makiyayi hana shanunsa cin gyauron dawa. Bayan shanya a murje tsiron da tafin hannu ko a cikin buhu, a sheƙe, saiwoyin su tafi. Sauran da ya rage tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ce ke kore shi. Giyar da aka niƙa da saiwarta ɗaci ma gare ta.

Wace dawa za a saya? Jar dawa ita ke ba da launin nan ja-ja da ɗan bauri da yawancin mashaya suka saba da shi, kuma ta fi jure fumfuna a lokacin tsiro. Farfara tana ba da giya mai haske da laushi a baki, amma ta fi saurin kamuwa da fumfuna idan wurin bai da iska. Kaura, mai ruwan ɗorawa, ƙwayarta manya ce, tana da auki. Wani nau'inta, SK5912 na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, yana cikin waɗanda kamfanonin giya suka koma wa bayan gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988. Masu dafawa da yawa haɗawa suke yi, ja don launi, fara don taushi, wasu a Filato su sa gero ko acca. Masara tana rage kuɗi amma tsironta rago ne wajen narkar da gari, don haka ba a dogara da ita ita kaɗai.

Launi dai zaɓi ne. Abin da ba zaɓi ba shi ne ko dawar za ta tsira. Kafin a biya kuɗin buhu a sayi gwangwani ɗaya, a ƙirga ƙwaya 100, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma kwana uku. In 90 ko fiye suka fito, a koma a saya. In 70 ne, a bar wa mai tuwo, domin ƙwayar da ba ta tsira ba ruɓewa take yi a cikin tulin ta ɓata 'yan'uwanta. Dawar bara da ƙwari suka huda, da wadda ruwa ya doka a zangarniya, duk nan suke faɗuwa. A shinshina bakin buhu: warin maganin ƙwari alama ce ta a wuce gaba. Irin shuka da aka shafa wa magani, wanda za ka gan shi ja ko kore kamar an yi masa fenti, yana tsira da kyau ƙwarai, kuma guba ne. Kada arha ta ruɗi kowa.

Sayen busasshen tsiro a kasuwa yana yanke waɗancan kwana bakwai. A garuruwan da ake dafa giya akwai matan da sana'arsu ke nan, ana auna shi da mudu. Ya fi ɗanyar dawa tsada, kuma da dalili: ban da wahalar, hatsi na rasa nauyi wajen tsiro, mudu goma ba ya dawowa goma. Matsalar ita ce ba ka ga yadda aka yi shi ba. A saya ƙwaya-ƙwaya, kada a sayi niƙaƙƙe, domin gari yana ɓoye fumfuna da gaurayen dawar da ba ta tsira ba. A tauna ƙwaya biyar ko shida. Mai kyau yana farfashewa ya zama gari da ɗan zaƙi a ƙarshe. Mai tauri kamar tsakuwa bai tsira sosai ba, mai taushi kamar danƙo bai bushe ba.

A nan ne amsar maganar tanadi take. Abin da ake tarawa tsiro ne, ba giya ba. Busasshen tsiro da aka murje yana yin watanni a cikin duron roba mai murfi, in dai ba a niƙa shi ba kuma danshi bai shiga ba. Lokacin yin sa kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu: sabuwar dawa ta shigo, farashi ya sauka, sanyin hunturu yana hana tulin yin zafi, iska busasshiya tana gama shanya da wuri. Wanda ya yi tsiron rabin buhu a wannan lokaci ya huta da wahalar shanya a watan Agusta, lokacin da hadari ke haɗuwa kana tsakiyar baza hatsi. (Masu kunun zaƙi ma suna cin moriyar wannan tsiro, shi ke tsinka kunu ya ba shi zaƙi ba da sukari ba.)

Da tsiro a hannu, aikin ya koma kwana uku, kuma mai aikin ofis zai iya tsara shi. A kai niƙa da rana, a ce wa mai inji ɓarza ake so, ba laushin tuwo ba. Kilo ɗaya na tsiro yana ba da kimanin lita huɗu, ya danganta da kaurin da ake so, don haka jarka biyu masu lita 20 suna buƙatar wajen kilo goma. A dama garin da ruwan sanyi, a bar shi ya kwanta awa ɗaya ko biyu, a tsiyaye ruwan saman a ajiye gefe. Wannan ruwan shi ne ƙarfin tsiron, kuma sababbin hannu a nan suke yin asara, su ɗora komai a wuta gaba ɗaya. Garin dawa ba ya nuna sai zafi ya haura digiri 70, a daidai wannan zafi kuma sinadarin da ke mayar da gari sukari yake fara mutuwa. Shi ya sa ake raba su: a dafa lakar ƙasa ita kaɗai har ta yi kauri kamar talge, ana tuƙawa da muciya don kada ta kama, a sauke ta huce zuwa inda yatsa zai iya shiga ya fito da sauri, sannan a mayar da ruwan da aka ajiye. Cikin ɗan lokaci za ka ga talgen ya saki ya tsinke. In bai tsinke ba, ko an zuba ruwan da zafi ya yi yawa, ko tsiron ne matacce.

Daga nan a bar shi ya kwana ya ɗauki tsami. Washegari a ɗanɗana tun da asuba, domin a watan Afrilu tsamin na iya wuce gona da iri kafin gari ya waye. A tace, a tafasa awa uku zuwa huɗu ana kwashe kumfa, tafasar ce ke tsayar da tsamin ta kuma ƙara ƙarfi. A bar shi ya huce sarai, a zuba ragowar giyar dahuwar baya, wadda ke ɗauke da yis ɗin da zai tayar da sabuwar, ko a sa a randar da ta saba. Zubawa a ruwa mai zafi yana kashe ta, giya ta ƙi tashi. Bayan awa 12 zuwa 24 za a ji tana shuu, kumfa na tasowa. Wanda ya niƙa ranar Alhamis da yamma, ya yi babbar tafasa ranar Juma'a, Asabar yana da abin ba baƙi. Fito kusan haka yake, sai dai ana tace shi sosai, a Gana har da yauƙin karan kuɓewa suke sa wa don lakar ta kwanta.

Maganar tukunya ta cancanci a tsaya a kai, tunda ita ce babban kuɗin. Tukunyar ƙasa ba ta ba giya ɗanɗanon ƙarfe, tana riƙe zafi daidai, amma tana cin itace kuma rana ɗaya za ta fashe da kayanka a ciki. Rabin duro shi ne mai arha, shi ne kuma mafi muni: ruwa mai tsami yana cin tsatsa ya shiga giya, sannan ba ka san abin da duron ya taɓa ɗauka ba. Tukunyar alminiyum ta maƙeran zubi tana tafasa da sauri, sai dai daga tarkacen ƙarfe ake narka ta, wani lokaci har da dalma a ciki, saboda haka ko za a tafasa a cikinta kada a bar ruwan tsami ya kwana a ciki. Mai hali ya sayi ta silba wadda ba ta tsatsa, lita 50, sau ɗaya ya huta. Wajen kwanan tsami da tashin giya, randa ko bokitin roba na abinci sun wadatar. Idan an ware randa don giya, kada a wanke ta da sabulu, ruwan zafi kawai.

Firji yana ƙara wa burukutu 'yan kwanaki, in akwai wuta. Wasu suna ɗumama shi a kwalba don ya jima, yana jimawa ɗin, amma kumfar ta mutu, masu sha kuma suna ganewa daga kurɓin farko.

Saura kayan kwalba irin na Turai, waɗanda ake sayowa daga Ingila ko Ostareliya. Gwangwanin ruwan tsiro mai kauri na kamfanin Coopers mai kilo 1.7, da sukari kilo ɗaya, da ƙunshin yis ɗin da ke tare da shi, suna ba da lita 23, wato kwalba 38 masu santilita 60. Aikin hannu bai wuce awa ɗaya ba a ranar farko, sai jira mako ɗaya zuwa biyu, sai ɗurawa, sai wani jiran mako biyu. Wannan kam tana ajiyuwa watanni, saboda wani fure mai ɗaci, hops, da ke cikinta da kuma rufin kwalba. Amma yis ɗinta yana son zafi tsakanin digiri 18 da 24. A Jos ko Mambila cikin hunturu zai yi. A Yola cikin bazara giyar za ta fito da wari kamar na fenti, ta kuma sa ciwon kai. Ga kuɗin dala, ga injin buga murfi, ga wanke kwalba 38 ɗaya bayan ɗaya. Sukarin da ake sa wa kwalba kada ya wuce giram bakwai ko takwas a lita, kuma kada a ɗura sai an tabbata giyar ta gama aiki, in ba haka ba kwalabe su riƙa fashewa cikin dare.

Kuskuren da ya fi kowane haɗari shi ne a ɗauki dabarar kwalba a ɗora wa burukutu mai rai. Yana da sauran sukari, yana da yis da ƙwayoyin tsami da ba a kashe ba, kwalbar gilashi ba za ta iya da shi ba. In dole sai an kai shi nesa, robar lemo ta fi, a cika ta kashi uku cikin huɗu, a riƙa sassauta murfin duk bayan awa biyu.