Mai gilashi ko mai madubi: wacce za ka haɗa da hannunka?

Ɗan'uwa, ka tambaya wacce na'urar hangen taurari ta fi dacewa mutum ya haɗa da kansa, mai gilashi a baki ko mai madubi a gindi. Mu dai mai madubi muka zaɓa maka.

Mai gilashi matsalarta launi ce. Gilashi guda yana rarraba haske, sai ka ga gefen wata ya yi shuɗi-shuɗi. Maganin haka gilasai biyu iri daban-daban a haɗe, fuskoki huɗu ke nan da za a goge daidai wa daida. Ba aikin ɗan koyo ba ne. Sayen gilashin ake yi, kai naka bututu kawai. Daɗinta shi ne da zarar ta saitu, shi ke nan.

Mai madubi kuwa, irin wadda Newton ya ƙera a 1668, fuska ɗaya ce aikinka. Ka fara da madubi mai faɗin milimita 150, wanda ke tara haske a nisan milimita 1200. Kwarmin tsakiyarsa bai wuce milimita 1.2 ba. Ana guga da garin silikon kabaid lamba 80, 120, 220 da 320, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a bi da garin alminiyam oksaid mai laushi, a ƙarasa ƙyalli da kwalta da siriyam oksaid. A nan aka fi yin asara: ƙwayar gari mai kaushi ɗaya tak in ta maƙale, za ta karce madubin ta mayar da kai baya. Saboda haka wanke madubi, teburi da hannu tas kafin ka sauya lamba. Gwajin Foucault, wato haska madubin da ƙaramar fitila a duba inuwar fuskarsa, shi ne zai nuna maka tudu da kwarin da ido ba ya gani. Shafa alminiyam ɗin da zai sa fuskar ta riƙa maido da haske kam sai wurin masu injinsa.

Ta fuskar haske, madubin milimita 150 ya ninka gilashi mai faɗin milimita 80 sau uku da rabi. Da gilashin ido, wato wanda ake leƙawa ta cikinsa, mai tara haske a nisan milimita 25 za ka sami girma ninki 48, na milimita 10 ya ba ka 120, wanda ya isa ka ga zoben duniyar Zuhal (Saturn) sarai.

Ita ma tana da rigimarta. Akwai ƙaramin madubi a cikin bututun da ke karkato haske zuwa gilashin ido, yakan goce, dole ka riƙa duba saitinsa, in ba haka ba taurari su fito da wutsiya. Ka fitar da ita waje kamar rabin awa kafin kallo, madubin ya huce. Mazauni kuwa ka yi irin na John Dobson, wani mai haɗa irin waɗannan na'urori da hannu: katakon filawud mai kaurin milimita 18, da 'yan guntayen Teflon, wata roba mai santsi, a inda take juyawa. Mazauni mai rawa yana ɓata madubi mai kyau.

Ko wacce ka haɗa, kada ka kuskura ka nufi rana da ita ba tare da matatar hasken rana a bakin bututun ba. Nan take take ƙona ido.