Waldar da ta riƙe ruwa, ƙasa ta ja ta tsage

Ina noman rani a bayan Lamingo a Jos, ruwan kabeji da tumatir daga wani tsohon ramin kuza nake jawo shi, ta bututun ƙarfe mai inci 4 da ya ƙetare ɗan kwazazzabo. Wanda ya fara haɗa min shi ya yi walda sumul, muka tada injin, ko ɗigo babu. Ruwan Agusta ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashi, bututun ya rataya, sai ga tsaga daidai kan mahaɗar, ta ƙasa.

Maƙwabcina na gona ya kai ni shagon wani dattijo mai walda a Dilimi. Bai tambayi kuɗi ba tukuna. Yanko mahaɗar ya yi, ya juya min cikinta a rana. Waldar ba ta ratsa ba, ga wani baƙin layi siriri kamar gashi ya zagaye rabin bututun, ga ƙananan ramuka kamar gara ta ci itace.

Na ce, "Baba, ai mun gwada da ruwa." Ya ce, "Alhaji, ruwa kumbura bututu yake yi, ƙasa kuwa jansa take yi a tsawo." Ashe ƙarfin da matsin ruwa ke ɗora wa bututu a tsawo rabin na kewaye ne kawai, shi ya sa walda mai aibi kan tsallake wannan gwajin. Da ja ya zo, nauyi kan taru a bakin tsagar, ta ɗan buɗe, ta riƙa cin gaba a hankali, rana ɗaya ta yage. In waldar lafiyayya ce kuma ta fi bututun ƙarfi, jikin bututun ne zai miƙe, ita tana nan.

Aikinsa ya kwanta min. Ya gurza bakunan biyu a karkace, ya yi zubi uku, yana kankare dattin kowane zubi kafin na gaba. Sandar walda mai lamba 7018 ya cike da ita, kuma sai da ya gasa ta, domin laima na haifar da tsaga. Bayan ta huce ya fesa jan ruwa, ya goge, ya bi da farar hoda. Wuri ɗaya ya yi ja, alamar akwai aibi ke nan, nan take ya gurje ya sake. Ya kuma faɗa min gaskiya cewa wannan gwajin aibin sama kawai yake nunawa, na ciki sai na'urar hoto irin ta manyan bututun gas, shi ba shi da ita.

Kwana uku ya ce, mako guda na yi ina zarya, kuɗinsa kuma ya kusa ninka na farko. Duk da haka wurinsa zan koma. Ya ƙi tafiya daga gonar sai da na amince za a zuba ginshiƙan kankare biyu a ƙarƙashin bututun, ya buga turaku da hannunsa a inda za a haƙa.