Matatar gansakuka ta haɗin gida: mai kwarara ko mai kumfa?

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wace matatar gansakuka za ka haɗa don tace ruwan tankin kifinka, mai kwarara ko mai kumfa. To tunda tankin naka na ruwan daɗi ne, golfish (kifin ado mai ruwan zinare) ne a ciki, kuma ba ka da ƙaramin tanki a ƙarƙashinsa da ruwan mai kwarara zai riƙa zuba a ciki, ka haɗa mai kumfa. Kada ka wahalar da kanka da mai kwarara.

Aikin duka biyun ɗaya ne. Gansakuka tana rayuwa ne da haske da dattin da kifi ke fitarwa, wato amoniya, da naitiret, da fosfet ɗin da ke fitowa daga kashinsu da ragowar abinci. To maimakon ka yi ta faɗa da ita a jikin gilashi, sai ka ware mata wani lungu da ya fi ko'ina haske da motsin ruwa, ta taru a can ta ci ta ƙoshi, kai kuma ka kankare ta ka zubar. Dattin ya bi ta ya fita ke nan. Walter Adey na cibiyar Smithsonian a Amurka ne ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1970, don manyan tankunan ruwan teku. Daga baya masu kiwon kifi a gida suka ƙanƙanta ta. Inda mai kwarara da mai kumfa suka bambanta shi ne yadda ruwa ke ratsa ragar da gansakukar ke kamawa: ko ya zubo daga sama, ko kumfar iska ta turo shi daga ƙasa.

Tawa mai kumfa ce, kuma ba ta ci kuɗin kirki ba. Baƙar robar zuba abinci ce mai kusurwa huɗu, na huhhuda ta a ƙasa da sama. Na yanko ragar roba mai kauri, irin wadda ake saƙar zare a kanta, kamar santimita 10 da 15, na goge ta da haƙoran zarto har sai da ta yi kaushin da ke karce hannu. Wannan gogewar ita ce rabin aikin, domin raga mai santsi ba ta riƙe komai, da gansakuka ta yi nauyi sai ta sulluɓe ta koma cikin tanki. Na ɗaure ragar a cikin robar, na sa dutsen iska a ƙarƙashinta, wato ɗan dutsen da famfon iska ke hura kumfa ta cikinsa, na kifa bakin robar a jikin gilashin gefe ta ciki. Ta waje, daidai saitinta, na manna wata robar mai ɗauke da jajayen ƙwayayen LED. Maganaɗisu ne ke riƙe su, amma na ciki sai an lulluɓe shi da gam mai hana ruwa shiga, in ba haka ba zai yi tsatsa. Ka ga wutar tana waje, ruwa yana ciki, babu ruwanka da shokin.

Makonnin farko abin ba ya burge kowa. Wani yauƙi ne mai ruwan ƙasa ke fara kamawa, har yaran gida suka riƙa tambayata ko robar ta lalace ne. Sai wata safiya na zaro ragar na same ta kore shar, gashi-gashi, tana yauƙi kamar miyar karkashi. Ta ruwan daɗi haka take, ba ta yin kauri da tauri irin ta ruwan gishiri da kake gani a bidiyo, don haka kada ka ɗauka ba ta yi ba. Na kankare da tsohon katin ATM, na zuba a gindin shukar da ke tsakar gida. Daga nan goge gilashin gaba ya ragu ƙwarai, kuma gwajin naitiret ya daina tashi da sauri tsakanin canjin ruwa.

Amma abin da ya sa nake son ta shi ne halinmu na wuta. In an ɗauke, ragar tana nan tsundum cikin ruwa, ba abin da zai same ta na wasu sa'o'i. Ƙaramin famfon iska mai USB kuwa fawabank ma yana ja. Ga kumfar tana ƙara wa kifi iska, abin da suke matuƙar buƙata a zafin Afrilu, lokacin da ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai. Ka dai ɗora famfon sama da bakin ruwa, ko ka sa masa ɗan bawul mai hana ruwa komawa, don in wuta ta tafi ruwa yakan biyo tiyo ya shiga cikinsa.

Mai kwarara na taɓa haɗa ta: bututun PVC da aka tsaga masa tsawon baki mai faɗin milimita 3, raga na rataye, famfon ruwa na tura wajen lita 50 zuwa 60 a sa'a ga kowace santimita ta faɗin ragar. Gaskiya tana fitar da gansakuka da yawa, tana kuma ɗan sanyaya ruwa. Sai dai an ɗauke wuta wuni guda da hunturu, ragar ta bushe ƙarau, aiki ya dawo sabo. Ga fantsama kusa da ƙwan lantarki, ga ruwa na ƙafewa. In kana da sola da inbata da babban tanki, bismilla.

Girman raga ba da yawan litar tanki ake auna shi ba, da yawan abincin da kake zubawa kullum ne. Golfish ciye-ciye gare su da yawan kashi, don haka in sun yi yawa ka ƙara faɗin ragar ko ka haɗa biyu, ka riƙa kankare su a ranaku daban-daban. Haske ja mai nanomita 660 (ma'aunin launin haske ne) ya fi yi mata, sa'o'i 16 zuwa 18, sauran lokacin a bar ta ta huta. Ni da dare nake kunna tawa bayan an kashe fitilar tanki. In ka ga tsakiyar ragar ta yi fari ko rawaya, hasken ya yi yawa, ka rage sa'o'i ko ka sa farar leda a gaban ƙwan. In ta yi baƙi-baƙi, ka ƙara haske ka kuma yawaita kankarewa. Kankarewa duk kwana 7 zuwa 14, kada ka bari ta yi tuli, don ta ƙasa tana mutuwa in haske bai kai gare ta ba, ruwa ya yi rawaya. Kuma kada ka ƙwalƙwale ta tas, ka bar saura a ramukan ragar. Wanki da ruwan da ka ɗebo daga tankin, ba da sabulu ba. Robar kuma ta rufu da kyau, in golfish suka samu ƙofa za su cinye gonar tun tana tsiro.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwa, musamman na intanet. Akwai mai sayar maka da ƙwan da aka rubuta wat 50 a kwalinsa alhali ko kusa bai kai ba, akwai mai farin ƙwai da aka rufe da jar roba a ce na shuka ne. Ka sa a kunna maka a gabanka kafin ka biya. Wani zai ce sai ka sayi "irin gansakuka" a kwalba, alhali ita da kanta take zuwa, tana cikin ruwanka tuntuni. Wani kuma zai haɗa maka da maganin kashe gansakuka a ciniki ɗaya. In ka zuba shi ka kashe matatar taka, kuma wasu magungunan suna da tagulla, mai hallaka dodon koɗi da jatan lande. Duk wanda ya ce maka da wannan na'ura ka rabu da canza ruwa, kuɗinka yake so. Matatar soso da aka saba tace ruwan tanki da ita tana nan a wurinta, canjin ruwa ma yana nan, sai dai ya yi sauƙi.

In kana da niyyar dasa tsirrai a tankin nan gaba, kada ka haɗa ko ɗaya daga cikin matatun nan biyu, domin abinci ɗaya suke ci da gansakuka, kuma ita ce za ta riga su. Irin wannan tanki kainuwa ta ishe shi, ka wanke ta sosai ka ajiye ta a bokiti na ɗan lokaci kafin ka sa. Amma da golfish saiwarta ba za ta kai labari ba, don haka naka dai mai kumfa. Ka fara da neman baƙar roba da ragar, ka goge ragar har sai hannunka ya gaji.