An cire mini haƙoran hankali biyu: yadda aikin ya gudana da kwanakin da suka biyo baya

Yau wata biyu cif da aka cire mini haƙoran hankali guda biyu na ɓangaren dama, na sama da na ƙasa. Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi. Da a ranar aikin na rubuta shi, yabo kawai zan zuba, da kuma a kwana na huɗu ne, babu abin da zai fito daga bakina sai ƙorafi. Yanzu da ramin ya kusa cikewa, baki ya koma buɗewa yadda ya saba, ina ganin zan iya faɗin abin da ya faru ba ragi ba ƙari.

Ga wanda bai san shi ba, haƙorin hankali shi ne matauni na ƙarshe can ƙuryar baki, na uku a jerin matauna. Cikakkun haƙoran babban mutum 32 ne, huɗu daga ciki su ne waɗannan, biyu a sama biyu a ƙasa. Yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25 suke fitowa, bayan sauran 28 sun riga sun kama wurarensu, daga nan ne ma sunan ya samo asali, don sai mutum ya mallaki hankalin kansa suke zuwa. Wani nasa su fito sumul ba tare da ya sani ba, wani kuma ba a halicce shi da su ba gaba ɗaya. Ni nawa na ƙasa a dama bai samu wuri ba. Ya taho a karkace, ya jingina kansa a jikin maƙwabcinsa, ya leƙo rabi ya tsaya, dasashi ya rufe sauran kamar murfi.

Wannan murfin na dasashi shi ne ya hana ni sakat shekara uku. Burbushin abinci yakan shige ƙarƙashinsa inda burushi ba ya kaiwa, sai wurin ya kumbura, ya yi ja, ya fara ɗoyi. In abin ya motsa, haɗiyar yawu ma aiki ce, kunne ya riƙa suka, wani kululu ya fito a ƙarƙashin muƙamuƙi. Sai in sha maganin rage zafi, in kurkure da ruwan gishiri, bayan mako guda ya lafa, in ce ai ya wuce. Bayan wata uku ko huɗu ya dawo. Abin da ya hana ni zuwa asibiti tsoro ne, ba wani abu ba. Duk wanda na yi wa maganar sai ya kawo mini labarin wani da aka ce an karya masa muƙamuƙi, ko wata da bakinta ya karkace. Babu wanda ya gani da idonsa, kowa ji ya yi, amma labaran sun zauna mini a rai. Sai da na wayi gari yatsuna biyu ba sa shiga tsakanin haƙorana saboda ɗaurewar muƙamuƙi, sannan na san wasa ya ƙare.

Zaman farko da likita shi ne abin da ya fi burge ni a cikin hidimar gaba ɗaya. Bai taɓa komai ba sai da aka ɗauki hoton bakin. Irin hoton nan ne da mutum ke tsayawa ya ciji wani ɗan tsinke na roba, na'ura ta zagaye kansa, haƙoran duka su fito a jere a fuska ɗaya. Ya juyo da allon kwamfutar wajena, ya ɗora bakin alƙalami a kan wani layi mai duhu da ya ratsa ƙashin muƙamuƙin ƙasa.

"Malam, ka ga wannan layin? Hanyar jijiya ce. Ita ke sa ka ji an taɓa maka leɓen ƙasa da haɓa. Saiwar haƙorinka ta matso kusa da ita, amma ba ta naɗe ta ba."

Na ce, "Likita, to in aka taɓa ta fa?"

Bai ɓoye mini ba. Ya ce leɓe da haɓa na iya sagewa, akwai kuma wata jijiyar ta gefen harshe da ita ma aiki kan iya shafa. Ga yawancin waɗanda hakan ta same su, abin yakan warware cikin makonni ko watanni, amma akwai 'yan kaɗan da yake zame musu na dindindin. Ya ce da saiwar ta rungumi jijiyar, da wata dabara zai bi: a yanke kan haƙorin kawai a bar saiwar a cikin ƙashi. Na sama kuwa damuwarsu daban ce, don suna kusa da kogon iska na gefen hanci, wani lokacin cirewa takan bar 'yar ƙofa tsakanin baki da kogon.

Daga nan ya nuna mini abin da ya sosa mini rai: wani baƙin tabo a bayan mataunin da ke gaban na hankalin, daidai inda suke gogayya. Lafiyayyen haƙori ne da nake tauna da shi kullum, ya fara ruɓewa saboda maƙwabcin da na ƙi rabuwa da shi. Shekara ukun nan da na yi ina kwana-kwana, ga inda suka tafi.

Na ɗauka zai ce a kwashe duka huɗun a huta. Sai ya ce a'a. Na hagu biyun sun fito a miƙe, suna haɗuwa da juna wajen tauna, burushi na kai musu, babu dalilin taɓa su. Na sama a dama kuma, shi ne ke dukan kumburarren dasashin nan duk lokacin da na rufe baki, in an cire na ƙasa ba shi da abokin tauna, don haka gara su tafi tare. Wannan magana ta ƙara masa daraja a idona ƙwarai. Likitocin duniya ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan batu. A Amurka an saba cire wa matasa haƙoran hankali tun kafin su kawo matsala, bisa hujjar cewa aikin ya fi sauƙi kafin saiwa ta gama ƙosawa, ƙashi kuma bai yi tauri ba. A Birtaniya kuwa, tun shekarar 2000 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a can, ta ba da shawarar a daina cire wanda ya maƙale matuƙar bai jawo wata cuta ba. Ni dai da na ɗanɗana jinyar, na fi karkata ga ra'ayi na biyun. Tiyata ce ta gaske, da yanka da ɗinki, ba abin da za a yi wa mutum don kawai yana da haƙorin ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma wanda ya riga ya fara kumburi yana dawowa irin nawa, wannan ba shi da sauran uzuri.

An ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwanaki don kumburin ya sauka tukuna, aka sa mini rana.

Ranar aikin ƙanena ne ya raka ni. An ba ni zaɓi tun farko tsakanin allurar kashe zafi a wurin kawai, ko a haɗa da maganin da ke sa mutum gyangyaɗi, na zaɓi ta farkon. Allurar ce kaɗai ta yi zafi, shi ma na daƙiƙoƙi, musamman wadda aka yi a ganɗa. Bayan kamar minti biyar rabin fuskata ya zama kamar ba nawa ba. Likitan ya tsikari dasashin da wani ƙarfe, ya ce, "Kana ji?" Na girgiza kai. Ya ce, "Za ka ji dannawa da ja, wannan ba ya tafiya. Amma in ka ji zafi mai kaifi, ɗaga hannunka na hagu, nan take zan tsaya." Wannan ɗan izinin na ɗaga hannu ya kwantar mini da hankali fiye da allurar.

Na sama bai kai minti biyar ba. Na ji an tura, an murɗa, sai ƙaras, ya ajiye shi a faranti. Na ƙasa shi ne mai aikin. Ya tsaga dasashi, ya ɗan rage ƙashin da ya rufe haƙorin da wani ɗan inji, sannan ya raba haƙorin gida uku ya fito da shi ɗaya bayan ɗaya. Abin da babu wanda ya taɓa gaya mini shi ne ƙara. Mutum ba da kunne yake jin ta ba, ta cikin ƙashin kansa take bi, ga ruwan da injin ke fesawa, ga bututun da nas ke zuƙe shi da shi. Lokacin da haƙorin ya tsage, na ji ɓas a tsakiyar kaina, gabana ya faɗi. Likitan ya ce, "Haƙorin ne, ni na raba shi, kada ka damu." Duk abin da zai yi sai ya faɗa kafin ya yi. Wajen minti 35 aka gama, ya yi ɗinki uku da zaren da ke narkewa da kansa, ya cusa auduga ya ce in cije na rabin awa. Zafi dai wallahi ban ji ba.

Inda asibitin ya gaza shi ne bayan nan. Ina zaune, baki cike da auduga, leɓe a sage, jiki na rawa, nas ta tsaya a kaina ta zubo bayani kamar ruwan sama: kar ka yi kaza, ka yi kaza, bayan awa kaza. Ba ta kai minti biyu ba, don wani na jiran kujerar. Ba a ba ni takarda ba, ba a kira ƙanena da ke zaune a waje ya saurara ba. Abin da na riƙe kawai shi ne ruwan gishiri. Ban riƙe cewa sai bayan awa 24 ake farawa ba, kuma a hankali, ba a kurkure baki da shi da ƙarfi.

Da daren nan na ji ƙarnin jini ya dame ni, na kurkure baki da ƙarfi sau uku ina tofarwa. Washegari, don gudun buɗe baki, na riƙa shan ruwa da tsinken zuƙa. Duka biyun manyan kurakurai ne. Gudan jinin da ke daskarewa a cikin ramin shi ne rufin da ke kare ƙashi, a kansa ne sabon nama ke tsirowa. Kurkura mai ƙarfi, tofi, zuƙa da shan taba duk suna iya ɓamɓare shi.

Kwana biyun farko lafiya lau, kumburi ne kawai da ya kai ƙololuwarsa a rana ta uku, kunci ya yi suntum, ina ɗora ƙanƙara a cikin tsumma minti 20 in sauke. A daren kwana na huɗu wani irin ciwo ya taso wanda ban taɓa jin kamarsa ba, yana bugawa daga muƙamuƙi zuwa kunne zuwa gefen ido. Farasitamol da ibufurofen da suke riƙe ni a baya suka zama kamar ruwa nake sha. Baki ya yi wani ɗaci da wari. Da na haska tocila a madubi, maimakon baƙin gudan jini sai na hango rami fayau da ɗan fari-fari a ƙasansa. Ƙashi ne. Likitoci na kiran wannan busasshen rami, ya fi faruwa a haƙoran ƙasa, kuma yawanci a 'yan kwanakin farko yake bayyana.

Da sassafe na koma. A nan kam sun kyauta, ba su bar ni a layi ba. Likitan ya wanke ramin, ya cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari, kafin in kai bakin ƙofa ciwon ya sauka kamar an zare ƙaya. Na gaya masa ƙarara cewa bayanin da aka yi mini bai shiga ba, kuma ba lokacin yin sa ba ne. Bai kare kansa ba. Ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Kamata ya yi a gaya maka tun kafin allura, a kuma rubuta maka." Ya zauna ya rubuta da hannunsa: abinci mai laushi wanda ya huce, tauna ta ɗaya gefen, ɗaga kai da matashi biyu lokacin barci, goge sauran haƙora kamar kullum amma a kauce wa ramin, ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane cin abinci, a karkata kai kawai a bar shi ya zubo da kansa. Ya ƙara da cewa in na ga zazzaɓi, ko jinin da ya ƙi tsayawa, ko kumburin da ke hana haɗiya ko numfashi, kada in jira gari ya waye. Sau biyu na koma aka canza maganin.

Sauran jinyar ba ta da wani labari. Zaren ya zube da kansa wajen kwana goma. Muƙamuƙi ya saki a mako na biyu. Wani ɗan wuri a gefen leɓena na ƙasa, bai fi girman farce ba, ya yi kusan mako uku yana mini kamar tafiyar kiyashi, na riƙa taɓa shi kowace safiya da fargaba, har ranar da na tashi na ji shi garau.

Hannun likitan da gaskiyarsa ba ni da abin cewa a kansu, duk wanda ya tambaye ni zan tura shi wurinsa ba tare da shakka ba. Tsarin sallamar marasa lafiya ne ke buƙatar gyara, kuma gyaran bai fi takarda guda da minti biyar ba. Wanda zai je, ya nemi a yi masa bayanin jinya tun yana da bakin tambaya, ya shiga da ɗan rakiyarsa, ya ce a nuna masa hoton da inda jijiyar take, ya kuma tambayi dalilin cire kowane haƙori ɗaya-ɗaya.

Makon jiya aka cike mini mataunin nan da ya fara ruɓewa. Likitan ya ce saura ƙiris ruɓar ta kai ga jijiyarsa, da sai an yi masa babban aiki ko shi ma a rasa shi. Na hagu biyun suna nan daram, an ce in dawo bayan shekara a sake duba su.