WPA2 ko WPA3: wanda zan ce ka sa a rautarka

Ɗan'uwa, tunda rautar taka, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, ta nuna maka WPA2 da WPA3, hanyoyi biyu na kulle Wi-Fi, a shafin saitin tsaro, kada ka ɓata lokaci, danna WPA3. Shi nake amfani da shi a gida.

Ina da wani ƙane mai koyon tsaron kwamfuta, duk inda ya ga Wi-Fi sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Na ba shi izini ya gwada tawa. Ya ce a WPA2 ba sai ya kwana a ƙofar gidan mutum ba. Ya kama 'yar musayar da waya ke yi da rauta lokacin haɗuwa kawai, ya koma ɗakinsa, kwamfuta ta yi ta jefa miliyoyin kalmomi har ta dace, muddin kalmar sirrin mai rauni ce. Da ya zo kan tawa sai ya tarar hanyar a toshe. WPA3 yana da tsarin da ake kira SAE, wanda duk kalmar da za a gwada sai an tuntuɓi rautar kai tsaye, ɗaya bayan ɗaya, don haka abin da ya kama bai tsinana masa komai ba. Ya rufe laftof yana dariya, ya ce Yaya, ba ni kalmar kawai in huta. Wani abin da ya ƙara burge ni, ko mutum ya samu kalmar daga baya, ba zai iya buɗe bayanan da ya naɗa tun farko ba.

WPA2 kuwa tun 2004 yake nan, yana aiki, ban ce ya mutu ba. In dole sai shi, ka tabbata a tsarin ɓoye bayanai AES ka zaɓa, ba tsohon TKIP ba, kuma ka sa kalma doguwa, tunda yana karɓar haruffa 8 zuwa 63. WEP, tsohon tsarin da ya riga su duka, ko sunansa ka gani ka wuce.

Inda za ka ɗan sha wahala shi ne tsofaffin kaya. WPA3 a 2018 ya fito, wayoyi kuma daga Android 10 da iOS 13 suka fara gane shi. Tsohuwar talabijin ko kyamarar tsaro tana iya ƙin haɗuwa. Yawancin mutane a nan sai su koma zaɓin gauraye, WPA2/WPA3. Ba laifi, amma ka sani kalma ɗaya ce ga duka biyun, kuma duk na'urar da ta shiga ta WPA2 ta sake buɗe waccan hanyar da ƙanena yake nema. Ni Wi-Fi na biyu da rauta ke ware wa masu ziyara (guest) na kunna, na sa masa WPA2 da kalma daban, na tura talabijin can, tunda intanet kawai take buƙata. Wayoyi da kwamfuta suna kan WPA3 zalla.

Kafin ka fita daga saitin, kashe WPS, hanyar haɗa na'ura da rauta ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Lambar sirrinsa alƙaluma 8 ce kawai, kuma tun 2011 aka nuna gwaji kusan 11,000 ya isa a gano ta, komai tsawon kalmar sirrinka. Sannan ka canza kalmar shiga saitin rautar kanta, wadda sau da yawa admin ce tun daga kamfani.

Ba ka tambaya ba, amma ga duk mai shirin sayen sabuwa: a yi hattara da masu sayarwa. Wasu tsohon kaya ne da kamfani ya daina sabunta masa manhaja, sai su goge su mayar cikin kwali. Wasu su nuna maka 5G a jiki su ce tsaro ne, alhali 5 GHz ake nufi, zangon sigina ne kawai. Mafi muni shi ne wanda zai ce bari ya saita maka kyauta, ya riƙe kalmar admin, ya bar damar shiga daga nesa a kunne. A buɗe shafin saitin a gabanka ka ga WPA3 da idonka kafin ka biya, in ka kai gida kuma ka danna maɓallin mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ka saita da kanka.